Kekena Ba Zai Tafi Wurin Masu Tsohon Ƙarfe Ba

Argungu, Jihar Kebbi.

Zuwa ga ɗana Abdussamadu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka a Fatakwal, ya tsare ku a gida da wurin aiki. Mu nan lafiya lau. Innarka ta samu sauƙin ƙafarta, har ta je suna Gwadangaji, albasar bana kuma ta yi kai, alhamdulillahi.

Saƙonka ya iso ta bakin ƙanenka Sunusi, wai tunda na faɗi a hanyar fadama in bar hawan keke, a kira masu sayen tsohon ƙarfe su ɗauke shi. Na zaɓi in rubuto ne don a waya katse ni kake yi. Faɗuwa kam na faɗi, gwiwata ma ta ƙuje. Amma ba jiri ya ɗebe ni ba, kamar yadda aka gaya maka. Kwana huɗu ina jin wata ƙara a bayana, kwaram-kwaram, duk sanda na shiga gargada. Ran nan na waiga in ga abin da ke yin ta, tayar gaba ta nutse cikin yashi.

Sunusi ya ce keke ya tsufa. Bai ce mai keken ma ya tsufa ba, amma na gani a idonsa. Na kai wa Taufiq mai gyara na bakin kasuwa, ya juya feda sau biyu ya ce boris ɗin gindin feda ne, sai an kwance cikin gaba ɗaya. Ban yarda ba. Shekara ashirin da shida ina kan keken nan, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Na dawo da shi gindin dogonyaron ƙofar gida, na kifa shi na yi ta juya feda, shiru. Da boris ne ko sarƙa, da ya yi magana. Na tayar da shi, na ɗaga tayar baya na sake ta ƙasa, sai ga ƙarar. Daga nan na riƙa dafe abu ɗaya da hannu ina sake jefawa: sirdi, burki, murfin sarƙa. Ina kama kariya, ƙarfen ɗaura kaya na baya, sai tsit. Ashe notin da ke riƙe ƙafarta ta hagu ne ya fita, ƙarfen yana dukan jikin keke, ya kuma lanƙwashe kamar an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Innarka ce ta warware mini. Ta ce ranar da na tafi ta'aziyya Badariya a mota, Sunusi ya ɗaura wa keken buhu biyu na albasa ya kai kasuwa. Na kira shi, ya sunkuyar da kai. Ban yi masa faɗa ba. Guduma da sifana na miƙa masa, ya miƙar da ƙarfen, ya ɗaure sabon noti, ina tsaye a kansa. Jiya na je fadama na dawo, da gangan na bi ta gargadar, ko ƙis ban ji ba.

To ka ji. Na san tausayi ne ya sa ka magana, Allah ya yi maka albarka. Amma ba zan zauna a zaure ina jiran wanda zai ga dama ya kai ni gonata a babur ba. Ranar da ƙafata ta kasa, ni zan fara sani, kuma da kaina zan sauka.

Ka gaishe da matarka Sharifa da kyau, da amaryata Nana Aisha da ƙanenta Aminullahi. Innarka da ƙanwarka Laure suna gaishe ku. Sunusi ma yana gaisuwa, ko da yake a hankali ya faɗa.

Ni ne mahaifinka,
Riskuwa