Kifin Baba Malam da na cire daga gilashi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, sati uku ke nan abinci ba ya min daɗi.

Ni ɗan Guri ne, gidanmu masunta ne kaka da kakanni, amma ni boko na yi, rabona da taɓa komar kamun kifi tun ina firamare. Yanzu ina koyarwa a Hadejia, kuma an sa min rana da 'yar wani dattijo da muke kira Baba Malam. A falonsa akwai akwatin gilashi da kifin ado guda biyu, dangin karfasa ne amma ƙanana, ɗaya shuɗi mai sheƙi, ɗaya toka-toka. Babban ɗansa ne ya kawo su daga Kano wata biyu kafin ya rasu, shi ya sa Baba yake ji da su, kullum fatansa su hayayyafa. Ranar da ya ji ni ɗan masunta ne ya yi murna, ni kuma bakina ya ja ni, na ce ai kallo ɗaya nake wa kifi in gane mace da namiji. Na nuna shuɗin na ce ita ce macen, don a tunanina mai kyau ai mace ce.

Da aka kwantar da shi asibiti a Kano, ni ya bar wa amanarsu. Kwana huɗu sai na ga tokan ya daina ci, ya laɓe bayan dutse, maƙogwaronsa ya kumbura, har ina hango wasu baƙaƙen abubuwa a bakinsa. Na ce shi ke nan, macen ta yi ƙwai namijin yana cinyewa. Na kwashe shi na sa a bokiti a tsakar gida. Da safe na tarar ya mutu, ina ɗaga shi 'ya'ya ƙanana suka zubo daga bakin, duk matattu.

Na kira babana a Guri na faɗa masa. Ya ce wannan ai uwar ce, a baki take renon 'ya'yanta kamar karfasarmu, namijin ne mai kwalliya, ko yaron da ke kwashe ruwa a kwalekwale ya san haka. Wallahi kunya ta kusa kashe ni.

Baba Malam ya dawo, na ce masa haka kawai na wayi gari na ga ya mutu. Bai tuhume ni ba, 'yarsa da zan aura ya ɗora wa laifi wai ita ta canza ruwa ba a kan ƙa'ida ba, har yanzu gaisuwarta sama-sama yake amsawa. Ta yi kuka ta ce min ba ta taɓa ruwan ba, na ce ta yi haƙuri, ban ƙara komai ba. Wannan ya fi komai ci min rai.

Jiya ya kira ni ya ce ranar Asabar in raka shi Kano in zaɓo wa macen tasa miji, tunda ni ne na san su. Idan na bi maganata, namiji za mu haɗa da namiji su kashe juna. Idan na ce mace za mu saya, zai tambaye ni wace ce ta mutu. Biki saura wata ɗaya. 'Yan uwa, in faɗa masa gaskiya kafin Asabar, ko 'yar tasa zan fara faɗa wa?