Ɗakin da Sabis Ba Ya Shiga

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ki yi haƙuri da wasiƙa, na daina taɓa waya.

Tun da aka kafa turken sadarwa a bayan gidanmu kaina ke sarawa, hannuna na rawa har sukudireba ke suɓuce mini a shago. Kullum ina rubuta yadda na tashi. Wataƙila ruɗin kaina nake yi, amma na lura ranar da na zauna kusa da taga ciwon ya fi tsanani.

'Yata Auta nake ji wa. Shi ya sa na narkar da dalmar tsofaffin baturan mota da nake gyarawa, na buga ta falle-falle, na lulluɓe bangon ɗakin da take kwana. Na gwada da wayar mamanta, sabis ba ya shiga ko kaɗan. Sai dai yanzu tana kuka da ciwon ciki, ta ƙi abinci. Ko don ban rufe silin ba ne? Ke ce nas, ki ba ni shawara.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki

Sarkin Shakka,

Muna lafiya, kowa na gaishe ku.

A bakin aiki na karanta takardarka, saura ƙiris in saki farantin allura. Kai da kake komawa ka duba ko ka kulle ƙofa, dalma ce kaɗai ba ka yi shakkarta ba? Shekara nawa kana shaƙar hayaƙinta? Zuwanka na bara ina kallo shayi ke zubewa a hannunka, lokacin ko ramin turken ba a haƙa ba.

Yarinyar da komai ta taɓa sai baki, ka kewaye ta da guba! Ka fitar da ita yau, ku je asibiti a auna jininku duka. Kada ka zauna rubutu, tashi.

Allah ya tsare.
Yayarka

Yaya,

Barka da aiki. Mun je, an ɗebi jini, sun ce za su kira in sakamako ya fito.

Na ɓamɓare dalmar daga bangon. A kusurwa, daidai tsayin Auta, na ga sawun haƙora a jikin dalmar.

Na kunna wayata, tana aljihun gaba, a kan ƙirjina. Sabis ya cika. Kaina na sarawa, amma ban kashe ta ba.

Ki sa mu a addu'a.
Ƙaninki