Ƙanenki Ya Daina Barci

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ciwon ƙanenki Auta ya tashi. Tunda maigidansu a wurin aiki ya sallami kafintoci biyu ya ɗora masa aikin kujerun makaranta shi kaɗai, barci ya ƙaurace masa. Ya ajiye magani, wai yana kashe masa hannu. Jiya ya ciccire ƙofofin gidanmu, wai zai sake su kafin azahar, yana dariya, yara suna kuka. Likita ya ce ciwon haka yake, ya cilla mutum sama, ya sako shi ƙasa, kuma gajiya ce ke tayar da shi. Maganarki kaɗai yake ji. Don Allah ki zo.

Matar ƙanenki.

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso. Ba wai ban damu ba ne. Wancan karon na bar aikina na yi jinyarsa, ya zage ni a gaban mutane, har yau mijina bai manta ba. Ki ɓoye maganar, kada maƙwabta su ji, yarana ma suna da makaranta da abokai. Ki yi haƙuri, ki lallaɓa shi. Ina yi muku addu'a.

Yayarku.

Yaya,

Ina gaishe ki. Ni ne Auta. Guguwar ta wuce, yanzu ina ƙasa. An kore ni. Abokan aikina ba wanda ya leƙo. Ina kwance ina kallon bango, ƙaramar cikin yaranmu tana turo min abinci daga nesa, ba ta shigowa. Uwarsu ta rame, ita ke ɗebo ruwa, ita ke ƙirga min ƙwayoyi, tana kukanta a banɗaki don kada in ji. Na san abin da na faɗa miki a wancan lokacin. Bakina ne ya faɗa, amma wallahi ba ni ba ne. Ba na roƙon ki yafe. Ki zo ki zauna kusa da ita ko na yini ɗaya ne, ta ɗan rintsa.

Ƙanenki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Ni ce matar ƙanenki. An kwantar da Auta a asibiti, ya daina ci, ya daina magana. Yau da safe ya buɗe baki karo na farko, ya ce, "Yaya ta amsa?" Na ce masa kina hanya.

Kada ki mayar da ni maƙaryaciya.

Na bar ki lafiya.