Salansa Bakwai a Cikin Buhu

Birnin Ƙonni, 4 ga Satumba

Zuwa ga Zahara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya jego, ya ruwan zafi? Ya ƴar baƙuwar tamu? Ki gaishe mini da Inna da Baba, ki ce ina yi musu sannu da ɗawainiya. Tunda rezon waya ya ƙi dawowa Tungar Ƙirya, ga shi kin maida ni ɗan lakwal, ɗan makarantar boko, ina rubutu da hannun da bai san komai ba sai walda. Khalilu direba ya yi alkawarin kai miki takarda duk ranar kasuwarku. In kin ga baƙin mai a gefenta kada ki yi faɗa, na wanke hannu har sau biyu.

Gidan nan ba daɗi, ban ɓoye miki ba. Amma bari in ba ki labarin da zai sa ki san wa kike aure.

Kin san halin ƴan kabu-kabun garin nan. Yaro ya sayo salansar babur daga Sakkwato, ya kawo mini in ƙwaƙule cikinta don ta yi ruri, ƴan mata su waiwayo. Shekara takwas ke nan abin da nake yi. To ranar Litinin sai ga mutum uku da sababbin babura uku, ko ledar sirdi ba a cire ba. Dogon cikinsu, wanda shi kaɗai ke magana, ya ce su masu tallar maganin dabbobi ne, suna shiga rugage, ƙarar babur tana firgita shanun mutane. Ya ce an gaya masa duk Ƙonni ba mai iya kashe muryar babur sai ni. Kin san ni da yabo.

Na yanke cikin kowace salansa, na sa bututu mai huda-huda, na naɗe shi da audugar gilashi irin ta jikin tsohon firji, na bi da soson ƙarfe, na rufe da walda na ɗaura. Zahara'u, da na tada na farko, Mas'udu mai faci da ke gefena ya leƙo yana tambaya yaushe zan tada shi, alhali injin yana aiki a gabansa! Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba. Mutanen ko ciniki ba su yi ba.

Ga atamfa nan da sabulu na ba Khalilu. Ki rubuto mini ko layi biyu ne, ki gaya mini wa yarinyar ta ɗauko.

Naki har kullum,
Tanimun


Birnin Ƙonni, 11 ga Satumba

Zahara'u,

Assalamu alaikum. Ina fata ke da yarinya da mutanen gida duk kuna lafiya. Takardarki ta iso, na gode. Ki karanta wannan ke kaɗai, kada ki ba kowa ya taya ki.

Kin rubuta mini kina dariya cewa sau biyu a watan nan kuka gudu cikin gero, ke da jaririya a ƙirji. Kin ce Baba yana jin ƙarar babura tun suna bayan fadama, sai a buga ƙarfen da ke rataye a lakwal, kafin ƴan bindiga su iso gari ya watse. Kin ce kunne ne kawai ke tsaron garinku. Ina karanta wurin nan sai da na zauna a ƙasa, don da safen ranar wani mai albasa ya tsaya faci wurin Mas'udu, ya ba da labarin wata tunga can wajen iyaka. Da rana tsaka aka shige su, mata na daka. Ba wanda ya ji komai sai ganin babura suka yi a tsakiyar gari. An kashe mutum ɗaya, an tafi da biyu. Na tambaye shi babura nawa, ya ce uku. Mas'udu ya ɗago ya dube ni, ya maida kai ga tayarsa.

Ban gama da wannan ba, jiya da hantsi sai ga dogon nan shi kaɗai. Ya zauna a bencina, ya yaba aikin, ya ce yana son bakwai kuma. Wannan karon ba za su kawo babura ba, idon gari ya yi yawa. In haɗa salansar kawai, zai zo da buhu ya ɗauka, su ɗaura da kansu. Na fara cewa audugar gilashi ta ƙare, ba a samunta. Sai ya yi murmushi, ya tambaye ni ya mai jego a Tungar Ƙirya, ko an kusa arba'in. Wallahi ban taɓa gaya masa ina da mata ba. Ya ce ranar Talata zai zo.

Da ya tafi na rufe garaji na nufi wurin jandarma, masu tsaro. Na kai har bakin ƙofa, na tsaya kamar mai jiran wani. Me zan ce musu? In ce ni na yi ukun farko? Kuma in suka riƙe ni, dogon ya zo Talata bai same ni ba, ya san inda kike. Na juyo gida. Ki kira shi tsoro, ni ma haka na kira shi.

Don Allah ki roƙi Inna ta bar ki ki taho, wankan a ƙarasa shi a nan, gwaggona za ta yi miki. Ki kuma ce wa Baba na ji ana raɗe-raɗin akwai baburan da ba su da ƙara yanzu, su sa mutum a kan dutse ya riƙa duba hanya da ido. Kada ki ce masa daga ina na sani. In kin gama karantawa ki sa takardar a murhu.

Naki,
Tanimun


Birnin Ƙonni, 18 ga Satumba

Zahara'u,

Assalamu alaikum. Ya jikin naki, ya yarinya? Ina gaida kowa.

Na ji saƙonki. Inna ta ce mai jego ba ta taka hanya kafin arba'in, Baba kuma ya yi dariya ya ce ƴan birni sun cika labari, babur marar ƙara sai dai keke. Kuma ga girbi ya kama, ba mai zaman banza a kan dutse. Ban ga laifinsu ba. Da ba hannuna ya yi aikin ba, ni ma dariyar zan yi.

To ga abin da na yi, ke kaɗai nake gaya wa. Na haɗa musu bakwai ɗin. A waje ba ki bambanta su da na farko, har fenti iri ɗaya. Amma maimakon audugar gilashi, wadda wuta ba ta ci, sai na farke matashin kanmu na kwashe audugar rimin da ke ciki, na haɗa da tsumman buhu na danna. Murfin ciki kuma ban yi masa walda ba, da dalma na liƙe shi. Muddin ƙarfen bai yi zafi sosai ba, shiru kike ji. In aka yi tafiya mai nisa, audugar ta cinye, dalmar ta narke, murfin ya fita, sai ƙarar da ta fi ta ƴan kabu-kabu.

Sai da na gwada a nawa babur. Gwajin farko ko Tsarnawa ban kai ba ta fashe, na dawo ina gumi, don in haka ta faru a hannunsu tun ranar farko na mutu. Na ƙara tsumma, na sauya wurin dalmar. A na biyu na wuce Tsarnawa lafiya, sai da na hango masana'antar siminti ta Malbaza sannan ta buɗe baki. Wani direban tirela da ke gabana ya taka birki yana tsammanin tayarsa ce ta tashi.

Ranar Talata dogon ya zo. Ya zaɓi ɗaya da kansa, ya sa na ɗaura a babur ɗinsa, ya zagaya bayan tasha ya dawo. Minti nawa ya yi ban sani ba, ni dai ina tsaye da sifana a hannu ina karanta duk addu'ar da na iya. Ya dawo, babur ɗin shiru. Ya jira ta huce, na kwance ta, ya zuba duka a buhu. Da zai tafi ya dafa kafaɗata ya ce ni mutumin kirki ne.

Yanzu abin da ke cina shi ne ban san inda suke kwana ba. In mazauninsu yana da nisa da ku kamar Ƙonni da Malbaza, za ku ji su. In ya fi haka kusa, na yi aikin banza, kuma na ƙara musu bakwai a kan uku. Ban kuma san ko ku za su nufa ba ko wasu. Abinci ba ya wuce mini. Duk babur da ya rage gudu a gaban garaji sai in leƙa in ga ko shi ne.

Ki riƙa ajiye zanen goyo kusa da ke, da takalmi, ko wanka za ki shiga. In kika ji ƙarfen lakwal kada ki tsaya ɗaukar komai, ko atamfar nan. Ki yafe mini, Zahara'u. Yabo na so, shi ya kai mu nan.

Naki,
Tanimun


2 ga Oktoba

Zahara'u,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Ina fata tsoron ya sake ki, kuma ƙayar da Khalilu ya ce kin taka ta fita. Ya yarinya? Ki yi wa Baba jaje a madadina.

Ban rubuta sunan gari a sama ba, kuma kada ki tambayi Khalilu, na sa ya rantse. Makon jiya bai kawo miki takarda ba don ba ni da abin faɗa sai tsoro.

Shi ya same ni a garaji ranar Asabar, tun bai kashe mota ba yake ba ni labari. Ya ce ranar Juma'a da hantsi kuka ji su, tun suna can bayan dutse, ƙara kamar ana fasa duwatsu, ɗaya ta fara, sauran suka bi. Ya ce har kurman garinku ya ji a ƙirjinsa. Aka buga ƙarfe, kafin su iso ko akuya mai ƙafa ba su tarar a tsakar gari ba sai waɗanda ke ɗaure. Sun tafi da shanun noman Baba biyu, sun sa wuta a rumbu uku. Na riƙe hannun Khalilu na ce ya bar zancen shanu, ya gaya mini mutane. Ya ce ba a rasa kowa ba, da idonsa ya gan ki kina ba yarinya nono a gindin bedi. Na shiga bayan garaji na yi kuka kamar ba namiji ba, ban ji kunyar Mas'udu ba.

Ranar ban koma gida ba, na tafi wurin gwaggona. Washegari Mas'udu ya zo ya same ni. Ya ce da ya buɗe wurinsa da safe ya tarar da buhu a bakin ƙofar garajina. Ya kwance, salansa bakwai ne a ciki, duk sun ƙone baƙi ƙirin. Ba takarda, ba saƙo. Ya ce kuma wasu mutum biyu sun sha shayi a tsallaken titi tun safe har azahar suna kallon ƙofar. Bai tambaye ni komai ba, ya dai ce in akwai motar da ke tashi yau in shige ta.

Kafin in shiga mota na koma wurin jandarma, wannan karon na wuce ƙofar. Na faɗi duka, har da ukun farko, na kwatanta musu dogon. Sun rubuta, sun daɗe suna yi mini tambayoyi, suka karɓi lambata suka ce in bar gari tukuna. Na kuma roƙe su su sa ido a kan garinku.

Ke kuma ga abin da nake so. Da an yi arba'in kada ki koma gidanmu na Ƙonni, ko kaya kada ki aika a ɗauko. Khalilu zai kai ki Badagishiri wurin yayarki Safiya, ki zauna can sai na aiko. Yaushe, ban sani ba. Ina jin tsoro har yanzu, ko a masallaci sai na duba wanda ke bayana.

Khalilu ya ce yanzu ba abin da ake yi a majalisar garinku sai dariyar makanikin ɓarayi. Wai Baba ya ce ko wane ne wannan bai iya aiki ba, ya cuci iyayen gidansa, Allah ya ƙara lalata hannunsa, kowa ya ce amin. Na san ki da baki, Zahara'u, na san ba ki iya jin ana taɓa ni ki yi shiru. Wanda ya gaya wa dogon nan cewa kina jego a Tungar Ƙirya, ba daga sama ya ji ba, wataƙila yana zaune a majalisar nan. Don haka in Baba ya sake yin addu'ar a gabanki, ki yi dariya tare da su, ki ce amin da ƙarfi.

Ki shafa mini kan yarinyar. Allah ya sada mu da alheri.

Naki,
wanda kin san hannunsa