Gahawar Yaya Umaru da Sunan Jikana

Rabi matar Sani ta sauka, namiji ne, kuma kunnuwanka ya kwaso!

Assalamu alaikum, Yaya Umaru. Ina fatan rahamar Allah ta iske ka a makwancinka. Ka gafarce ni da na sa labari gaban sallama, murna ce ta ja ni. Da hannuna nake rubutun nan, da bokon da na koya da furfurata a ajin yamma, wanda kake yi mini dariya a kansa.

Ɗana Sani yana son a sa wa yaron sunanka. Har yanzu ban ba shi amsa ba, kai kuwa ka san dalili.

Ka tuna shekarun fari, da gero ya ƙone a Gangara tun bai fidda kai ba, muka koma tashar Sabon Birni ka kafa teburin shayi. Kai ka fara kawo gahawar gwangwani daga hannun fataken Nijar. Ka ce ka ji a rediyo, mai shan gahawa ciwon sukari ba ya kama shi. Mu da ciwon nan ya ɗauke mana Baba, wa zai ƙi? Kullum safe sai ka haɗa mini ita da madara mai kauri, ka zuba sukari ba awo, ka ce, "Sha, ƙanena, ga magani ga karin kumallo." Direbobi da makiyaya suka ji, benci ya cika.

Da ƙishirwa da yawan fitsari suka taso mini, cewa ka yi zafin bazara ne, ka ƙara mini cokali.

Sai bayan rasuwarka matarka Kulu ta gaya mini. Malamin asibiti a garin Isa ya faɗa maka baki da baki cewa baƙar gahawa ake nufi, ba sukari ba madara, kuma ko ita rage haɗari kawai ake zaton tana yi, ba ta warkar da wanda ya kamu. Tun daga ranar kake shan taka baƙa a bayan tebur. Na sha ganinka, Yaya. Na ɗauka hana kanka kake yi don mu samu, har ina jin tausayinka.

Na san tsoronka, in magana ta fita benci ya watse, kuma teburin nan shi ya riƙe gidaje biyu lokacin da rumbu babu ko zangarniya. Amma ni ba direba ba ne, ciki ɗaya muka fito. Da ka raɗa mini a kunne.

Ciwon sukarin ya kama ni, idona na hagu ya tafi. Da na dama kaɗai na kalli jikana.

Da aka miƙo mini shi, sai ya damƙe yatsana kamar yadda kake damƙe hannuna in za mu ƙetare gulbi muna yara. Za ni ce wa Sani ya sa sunan. Ba hucewa na yi ba. Jika abokin wasan kakansa ne, duk faɗan da ban samu na yi maka ba shi zai sha, kuma ba shi da teburin da zai ɓuya a bayansa.

Allah ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya sanyaya mini zuciya a kanka. Ni ne ƙanenka Garba.

Ku kuma masu karantawa, suna ranar Laraba a Gangara. Akwai gahawa, baƙa, ba sukari. Ku zo ku ga Umaru, ku ga kunnuwa.