Ciwon Imrana

Hannatu,

Na wuce Alexandria dubiya, ba zan jira dawowarki ba. Akwai miya a firji.

Na je wurin ɗaliban jami'ar nan da ke koya wa yara karatu kyauta bayan an tashi makaranta. Na ga yarinyar da ta kira ki jiya ta ɗaga miki hankali. Ɗanki lafiyarsa ƙalau, lissafi ma ya fi ki. Duk ciwon da ta gano wa Imrana shi ne, in tana magana sai ya sunkuyar da kai, ba ya kallon idonta. Na ce mata wannan ciwon daga Katsina muka zo da shi, sunansa ladabi, kuma marigayiya mahaifiyarki ce ta shafa masa. Ta yi ta ba ni haƙuri. Yarinyar kirki ce, littattafanta ne ba su kai nan ba.

Ki soke ganin likitan da kika shirya kai shi, kada kuma ki yi masa faɗa. Na ce masa a can ya riƙa kallon malama ido cikin ido, a gida kuwa kada ya kuskura. Ya ce, "To, Kaka," yana kallon ƙasa.

Babanki