Tsohon Darona a Bangon Falo

Assalamu alaikum Malama Barakatu,

A taimaka mini da shawara, ko da yake na san ni ke da gaskiya. Ban gaji ko allura ba. Daga sakandare na faɗa kogin Wudil ina nutso ina ɗebo yashi da daro. Yau ina da tifofi, na gina gida, na je Makka, 'yata Khaulat tana jami'a. Bayan Allah, ba wanda ya tallafe ni.

Daron nan na rataye shi a bangon falo, duk da tsatsarsa. To, dangin manemin Khaulat za su zo gaisuwa. Ita da mahaifiyarta suka sayo sababbin kujeru da labule, alhali na da ɗin ko yagewa ba su yi ba, suka jefa darona a sito. Na ce wannan son abin duniya ne. Wai sai yarinyar nan, cikin ladabi dai, ta ce ni ma abin duniya na riƙe, nawa dai tsoho ne. Ni! Na ce muddin daro bai koma ƙusarsa ba, ba zan ba ƙanina izinin karɓar baƙin ba. Wanda zai ji kunyar darona, me zai yi da 'yata?

Kada a ɓoye sunana. A rubuta shi cikakke: Alhaji Labaran Mai Yashi, Wudil.

Wa alaikumus salam Alhaji Labaran,

Ga sunanka nan, ban rage ko harafi ba.

Jefa daron a sito ba da saninka ba kuskure ne, ya kamata su ba ka haƙuri. Amma maganar Khaulat ba ta faɗi ƙasa ba. Su kujeru suke so su yi musu magana a gaban baƙi, kai kuma daro. Kowa so yake a gan shi da mutunci.

Ka bar musu falo su gyara. Ka rataye daron a zaure, inda duk mai shigowa zai wuce ta ƙarƙashinsa. Sannan ka kira ƙaninka yau ka ba shi izini. Ba don daron ka yi ta nutso ba, Alhaji, don yarinyar nan ka yi. Kada ka riƙe shi ka sake ta.

Allah Ya sa albarka, Ya nuna mana ranar biki.